DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: Darasi a Kan Sha'ir, Fumfuna da Gado

Gabatarwa

Duk wanda ya saba karanta Littafi Mai Tsarki ya san sunan sha'ir. A farkon kakar sha'ir ne Rut da surukarta Na'omi suka iso Baitalami, kuma a gonar Bo'aza Rut ta yi kala. Gurasa 5 ɗin nan da Ubangiji Yesu ya ciyar da mutum 5,000 da su, Yahaya ya gaya mana cewa na sha'ir ne. Amma da za mu tambayi 'yan aji ko su nawa ne suka taɓa ganin sha'ir tsaye a gona, da ƙyar a ga hannu ɗaya a sama, gama ba hatsin ƙasarmu ba ne. Yana kama da alkama, yana kuma son wuri mai sanyi, shi ya sa aka fi noma shi a Turai, da Rasha, da Kanada, da Ostareliya, da kan tsaunukan Habasha. Cikin hatsin duniya shi ne na huɗu, bayan masara da alkama da shinkafa.

A wannan darasi za mu duba wata cuta da take kama ganyen sha'ir, da yadda masu kyautata iri suka yi fama da ita. Za mu ga cewa akwai hanya biyu da shuka take bi ta kāre kanta: ɗaya tana aiki na ɗan lokaci, ɗayar kuwa ta daɗe ba ta kāsa ba. Za mu kuma ga inda aka samo wadda ta daɗe ɗin. 'Yan ajin ƙarshe su lura da kyau, domin lissafin gadon da ke ciki shi ne wanda za su tarar a jarrabawa.

Cutar da Kanta

Sunan da za mu ba cutar shi ne farar fumfuna. Masana suna kiran abin da ke kawo ta Blumeria. Mun san 'yan'uwanta a nan gida: da rani mukan ga ganyen kuɓewa ko na kabewa ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Ba ita ce ainihin ta sha'ir ba, gama kowace fumfuna da shukar da take ci, amma dangi ɗaya ne, kuma aikinsu iri ɗaya ne.

Ga yadda take yi. Ganye an gina shi ne da ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, kowane ɗaki da bangonsa. Su ne ake kira sel. Fumfuna ba ta da 'ya'ya irin na hatsi, sai wata ƙura mai laushi da iska take ɗauka. In ƙwaya ɗaya ta wannan ƙura ta sauka a kan ganye, sai ta tsiro, ta manne, ta fitar da wani ɗan tsinke ta huda bangon ɗaki. In ta samu shiga, sai ta kafa wani abin tsotso a ciki mai kama da yatsu. Ba ta kashe ɗakin, domin ba ta iya rayuwa sai a kan ganye mai rai. Tana zaune a waje tana shan abinci daga ciki. Cikin mako guda ta riga ta yi sabuwar ƙura, iska kuma ta kwashe zuwa gonar maƙwabci. Ganyen da ya kamata ya ciyar da zangarniya sai ya koma ciyar da baƙuwa. Tsaba ta fito a ƙanjame, a shekarar da cutar ta yi tsanani kuwa manomi yakan rasa kashi ɗaya cikin biyar na amfaninsa, ko ma fiye.

Ba sabon abu ba ne. Annabi Amos da Annabi Haggai duka sun ambaci cututtukan hatsi cikin masifun da suka auka wa Isra'ila, Sarki Sulemanu ma ya sa su cikin addu'arsa ranar keɓe Haikali. Yau akwai maganin feshi, amma feshi kuɗi ne, kuma fumfuna takan saba da shi. Rigakafi ya fi magani, rigakafin shuka kuwa yana cikin irinta.

Yadda Gado Yake Aiki

Mutumin da ya fara gane ƙa'idar gado bawan Allah ne mai zaman sufi, sunansa Gregor Mendel, a birnin Brno, cikin ƙasar da yau ake kira Cek. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta barbarar waken Turawa a lambun gidan sufaye, yana ƙirga abin da ya fito. Da ya haɗa dogon wake da gajere, 'ya'yan duka suka fito dogaye. Da ya bar 'ya'yan suka yi barbara da kansu, jikoki suka fito dogaye 787, gajeru 277, wato kusan 3 bisa 1. Ya buga sakamakon a 1866, amma ba wanda ya kula sai a 1900, shekara 16 bayan rasuwarsa.

Abin da Mendel ya gano shi ne, kowace siffa tana da ƙwayar gado, kuma kowane mai rai yana ɗauke da guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata ƙwayar mai rinjaye ce: ko ita kaɗai ce, za a ga aikinta. Wata kuwa mai lafewa ce: ba a ganin aikinta sai an gaje ta ta wajen uwa da ta wajen uba duka. Mun san wannan lissafi a gidajenmu. In miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zama SS, shi ya sa ikkilisiyoyi da yawa suke neman a gwada jini kafin aure. Ku riƙe wannan ɗaya cikin huɗu, za mu sake haɗuwa da shi.

A 1905 wani malami a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Rowland Biffen, ya nuna cewa jure wa cutar tsatsa a alkama yana bin wannan ƙa'ida ta Mendel. Wannan babban albishir ne, domin ma'anarsa ita ce ana iya ɗauko juriya daga wani iri a sa ta cikin wani, kamar yadda ake ɗauko tsawo ko launi. Shi sha'ir yana da zaren gado 14 a kowane ɗaki, wato 7 daga uwa, 7 daga uba, kuma a kan waɗannan zaruruwa ƙwayoyin gado suke jere kamar tsakiya a wuya.

Hanya ta Fari: Mai Gadi da Ɓarawo

Masu kyautata iri a Turai suka shiga neman sha'ir mai jure farar fumfuna, suka kuwa samu. Akwai wani wuri a kan zare na ɗaya da ake kira Mla, wanda yake da nau'i fiye da 30. Waɗannan ƙwayoyi masu rinjaye ne. Aikinsu kamar na mai gadi ne wanda ya san fuskar ɓarawo. Da zarar fumfuna ta huda bango ta fara zuba kayan aikinta, sai mai gadin ya gane ta, ɗakin da aka shiga ya kashe kansa nan take. Tun da fumfuna ba ta rayuwa a kan matacce, sai ita ma ta mutu. An yi hasarar ɗaki ɗaya, an ceci ganye.

Dabara ce mai kyau, amma tana da rauni. Wani masani a Amurka, Harold Flor, wanda ya yi aiki a kan tsatsar tsiron da ake saƙa lilin da zarensa, ya bayyana raunin a tsakanin 1942 da 1956. Ya nuna cewa kowace ƙwayar juriya a jikin shuka tana da takwararta guda a jikin cutar, kuma wannan takwarar ita ce fuskar da mai gadi yake ganewa. In cutar ta sauya wannan ƙwaya ɗaya tak, mai gadi zai bar ta ta wuce.

To, mu yi tunani. Gona guda tana iya fitar da ƙurar fumfuna miliyoyi bisa miliyoyi. Cikin wannan yawa, ba a rasa 'yan kaɗan da suka fito da sauyi. In duk manoman ƙasa sun shuka iri ɗaya mai mai gadi ɗaya, to, waɗannan 'yan kaɗan su kaɗai ne za su ci su ƙoshi, su hayayyafa, iska ta raba su ko'ina. Haka aka yi ta yi a Turai shekara da shekaru. A fito da sabon iri, manoma su yi rububinsa, bayan 'yan shekaru kaɗan cutar ta dawo, a koma neman wani mai gadin. Yawan karɓuwar iri shi ne yake jawo faɗuwarsa.

Wata dabara da ta rage wannan wahala ita ce gauraya iri. A Jamus ta Gabas, cikin shekarun 1980, aka riƙa haɗa iri uku ko huɗu masu masu gadi dabam dabam a gona ɗaya. Ƙurar da ta tashi daga wannan shuka sau da yawa sai ta sauka a kan wadda ba ta iya ci. Cutar ta ragu ƙwarai, feshi ma ya ragu. Bayan haɗewar Jamus a 1990 aka bar wannan tsari, domin masu saye sun fi son iri ɗaya tsantsa.

Hanya ta Biyu: Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

A 1937 da 1938, lokacin da Italiya take mamaye da Habasha, waɗansu masana Jamusawa suka zaga ƙasar suna tattara irin shuke-shuke. Cikin abin da suka kwaso har da sha'ir na gargajiya daga hannun manoman tsaunuka, mutanen da suke soya shi su ci, su yi fate da shi, su ajiye iri daga kaka zuwa kaka. Aka kai Jamus aka ajiye. A 1942 kuma, waɗansu masana biyu a birnin Halle, Freisleben da Lein, suka haska wa tsabar wani sha'ir mai suna Haisa irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Wannan haske yakan lalata ƙwayoyin gado nan da can. Cikin shuke-shuken da suka fito aka sami wadda farar fumfuna ba ta kamawa.

Sai bayan shekaru masu yawa aka gane cewa wannan shuka ta ɗakin gwaji da waɗansu daga cikin irin Habasha abu ɗaya ne yake kāre su. Aka sa masa suna mlo, da ƙananan haruffa, domin mai lafewa ne. Abin mamaki kuwa, ba ya zaɓen fuska. Kowace irin farar fumfunar sha'ir aka kawo daga gonakin Turai, sai ta kāsa.

Dalili bai fito sarai ba sai a 1997, sa'ad da masana a birnin Norwich na Ingila suka ware ƙwayar, a kan zare na huɗu. Ga abin da aka gano. Sha'ir na kullum yana da lafiyayyar ƙwaya, Mlo, wadda take yin wani furotin da ke zaune a fatar ɗaki, daga cikin bango. Fumfuna tana bukatar wannan furotin kafin ta iya shiga. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. In ƙwayar ta lalace, babu ɗan garin. Fumfuna ta zo ta fara huda, ɗakin kuwa ya yi maza ya yaɓe wurin da kauri daga ciki, tsinken ya tsaya a waje, ƙurar ta mutu da yunwa. Sauya fuska ba ya taimakon ɓarawo a nan, gama ba a tambayi fuskarsa ba.

Yanzu mun ga abin da ya sa mlo yake lafewa. In shuka ta gaji lalatacciyar ƙwaya ɗaya da lafiyayya ɗaya, lafiyayyar ta isa ta yi furotin ɗin, cuta kuwa za ta shiga. Sai duka biyun sun daina aiki ake samun kāriya. A 2004 aka gano cewa na Habasha, wanda ake kira mlo-11, yana da nasa sirri. Ƙwayar tana nan lafiya, amma a gabanta wani guntun rubutun gado ya maimaitu sau da yawa, har ya hana a karanta ta yadda ya kamata. Abin da masana suka samu da hasken asibiti, ashe yana nan tuntuni a rumbun manomin Habasha.

Yadda Ake Sa Shi Cikin Sabon Iri

Irin Habasha bai dace da gonar Turai ba yadda yake, don haka sai an yi barbara. Furen sha'ir yana barbarar kansa ne tun kafin ya buɗe sosai. Mai kyautata iri yakan cire sassan namiji na furen da ɗan hantsaki, ya kawo garin fure daga ɗaya irin ya zuba, ya rufe zangarniyar da 'yar jakar takarda. 'Ya'yan farko duka cutar za ta kama su, domin kowanne yana da Mlo ɗaya lafiyayya. Wanda bai san Mendel ba zai ce aikin ya ɓaci, ya zubar. Wanda ya sani zai bar su su yi barbarar kansu. Cikin jikoki, ɗaya cikin huɗu zai fito da mlo biyu, ganyensa kore shar. Lissafin AS da AS ke nan, sai dai a nan abin da ya ɓuya alheri ne.

Daga nan sai a sake haɗa mai juriyar da irin Turai mai yawan amfani, a sake, a kuma sake. Kowane zagaye yana rage rabon irin Habasha da rabi: rabon irin Turai ya tashi daga kashi 50 cikin 100 zuwa 75, zuwa 87.5, zuwa kusan 94, ana kuwa lura kada mlo ya salwanta a hanya. Dā wannan yakan ci shekara 10 ko fiye. Yau ana iya yankar ɗan guntun ganye a gwada a ɗakin bincike, a san ƙwayar da shuka take ɗauke da ita tun tana ƙarama.

A 1979 aka fito da wani iri mai suna Atem a ƙasar Holan, mai ɗauke da mlo na Habasha. Waɗansu suka biyo baya, har ya zama fiye da rabin ire-iren sha'ir da ake shukawa da bazara a tsakiyar Turai suna ɗauke da mlo. Shekara fiye da 40 ke nan ana shuka shi a miliyoyin kadada, farar fumfuna ba ta rinjaye shi a gona ba.

Ba a Shan Zuma Sai An Sha Harbi

Kada mu ɗauka furotin ɗin Mlo an yi shi ne domin fumfuna. Yana da aikinsa a jikin shuka: yana cikin masu tsawata wa ganye kada ya wuce gona da iri wajen kāre kansa. In babu shi, ganye yakan yi ɗigo-ɗigon ƙuna ko da ba cuta, yakan kuma tsufa da wuri, amfani ya ragu. Wannan ne ya jinkirta aikin, sai da masu kyautata iri suka yi ta zaɓe har suka sami waɗanda lahanin bai yi yawa a jikinsu ba. An kuma lura cewa waɗansu cututtukan da suke cin mataccen ganye, kamar wadda ake kira Ramularia, sukan fi samun sauƙin sha'ir mai mlo. Bugu da ƙari, a ɗakin gwaji an taɓa renon farar fumfuna tsara bayan tsara a kan irin wannan sha'ir har ta fara iya shiga. Saboda haka ba a sake jiki ba. Ana haɗa mlo da waɗansu ƙwayoyin juriya, ana kuma duba gonaki kowace shekara.

Darasin bai tsaya kan sha'ir ba. A 2011 aka tabbatar cewa juriyar da aka daɗe ana amfani da ita a waken Turawa, shukar Mendel, wadda aka samo daga wani irin gargajiya na ƙasar Peru, ita ma lalacewar wannan ƙwaya ce. An sami irin haka a wani ƙaramin tumatir na ƙasar Ekwado. Alkama kuwa tana da ƙwayar ninki uku, don haka da wuya duka su lalace da kansu. A 2014 masana a ƙasar Sin suka kashe dukansu da gangan ta hanyar gyaran rubutun gado, suka sami alkama mai jure farar fumfuna.

Abin da Ya Shafe Mu

Manomin da ya ba da wannan tsaba a 1937 ba a rubuta sunansa ba, bai kuwa taɓa jin labarin Mendel ba. Abin da ya yi shi ne ya ajiye irin da ya gāda, ya shuka, ya zaɓi mai kyau, ya sake ajiyewa. Da shi da iyayensa sun watsar da shi domin wani sabon iri, da babu abin da za a tarar. Da waɗanda suka karɓa sun zubar domin ba su ga amfaninsa nan da nan ba, da an yi hasara. Kusan shekara 40 tsabar ta yi tana jira. Habasha ta gane darajar abin da take da shi, ta kafa nata rumbun ajiyar iri a Adis Ababa a 1976, tana kuma cikin ƙasashen da suka dage cewa a riƙa tunawa da haƙƙin manoman da suka adana iri.

Mu ma muna da namu. Akwai kaura da farafara, akwai maiwa da dauro, akwai acca da ire-iren wake da kakanninmu suka san sunan kowanne. Cibiyar binciken noma ta Samaru da ta IITA a Ibadan suna ajiye irin waɗannan, suna kuma kyautata su da wannan lissafi na Mendel. Sabon iri abu ne mai kyau, mu karɓe shi da godiya. Amma in mun je hutu, mu tambayi tsofaffi sunayen irin da suke shukawa dā, da abin da ya sa suke son kowanne, mu rubuta, mu kuma roƙi a bar wa tsohon iri ko da kunya biyu a gefen gona. Ba mu san cutar da za ta zo gobe ba, ba mu kuma san a cikin wace zangarniya Allah ya ajiye maganinta ba.

Littafin Farawa ya koya mana cewa an sa mutum a gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Bayan taron nan ya ci gurasar sha'ir ya ƙoshi, Ubangiji ya umarci almajiransa su tattara gutsattsarin da suka rage domin kada a yi hasarar kome, suka cika kwando 12. Allah ya ba mu hikimar tattarawa da ajiyewa. Amin.

Tambayoyi Domin Nazari

1. Mene ne bambanci tsakanin ƙwayar gado mai rinjaye da mai lafewa?
2. Me ya sa juriyar Mla takan kāsa bayan 'yan shekaru, ta mlo kuwa ta daɗe?
3. An haɗa sha'ir mai mlo biyu da mai Mlo biyu, aka sami jikoki 400. Kimanin nawa ne za su jure cutar? Cikin sauran, nawa ne suke ɗauke da mlo a ɓoye?
4. Me ya sa gauraya iri a gona ɗaya yake rage yaɗuwar cuta?
5. Rubuta sunayen tsofaffin irin hatsi ko wake 5 na garinku, da halin kowanne.